Mutum na Uku a Gadar Umzimkulu

Fara da sunansa, Yolisa: Zilindile, ɗan gidan Mjoli. Kangon bukkarsa ne kike gani a kan tudun da ke kallon rafin Ibisi, inda jakuna ke fakewa yanzu. A nan aka haife shi, a nan ya mutu, amma ƙasa huɗu ya zauna ba tare da ya ɗaga ko turmi ba. An haife shi ɗan Kep, ya wayi gari ɗan Transkei, ya tsufa ɗan Kep ta Gabas, aka binne shi ɗan KwaZulu-Natal.

Da can shi kansa dariya abin yake ba shi. In an zauna shan giyar dawa sai ya ce: "Kakana ya kwanta a ƙasar Bhaca, ya farka ya ji masu kekunan shanu da suka gangaro daga duwatsu sun ce tasu ce. Bai gama miƙa ba Ingilishi suka ɗaure ta a wutsiyar Kep. Suka nuna kogi da sanda suka ce can Natal, nan Kep. Kogin dai ba a tambaye shi ba."

Mutum ne mai baki. Duk yankin nan ba a yi kamarsa ba. In saurayi zai nemi aure shanunsa ba su cika ba, Zilindile ake turawa gidan surukai. Zai ɗauki ramammiyar saniya ya yi ta yabonta, daga ƙaho har kofato, har uban yarinya ya fara jin kunyar cewa a ƙaro. Matarsa MaDuma takan ce: "Baban Bandile, ko barci kake yi bakin nan bai san an kashe fitila ba." Shi kuma ya ce da bakin ya auro ta, ta yi masa ladabi.

Ɗa ɗaya suka samu da ya rayu, shi ne Bandile. Dogo, mai shiru kamar uwarsa. Da ya isa aure sai ya ce ba ya son a rufe ramar shanunsa da surutu, zai je ya nemo masu ƙiba. Ya ɗauki bargo ya tsallaka gada, ya gangara gonakin rake na bakin teku a Natal. A lokacin babu mai tsare ka a gadar Umzimkulu. Ka hau nan ka sauka can, shi ke nan.

Kafin a sare rake ana cinna masa wuta. Wata rana iska ta juya, Bandile yana tsakiyar gona. Kafin labari ya hawo tudun nan an riga an binne shi a maƙabartar leburori. Wani abokin aikinsa ne ya kawo bargon da kofinsa na ƙarfe.

Gawa ta zauna can, wannan an haƙura. Amma kurwa ba a barin ta a jeji. Wanda ya mutu a baƙon wuri bai san hanyar gida ba sai an je an ɗauko shi da reshen magaryar kura, wadda muke kira umlahlankosi. In ba a ɗauko shi ba, yana nan tsaye inda ya faɗi, ba ya cikin masu rai, ba ya cikin kakanni. MaDuma ta fara mafarkinsa tun kafin damina ta fita, yana tsaye a bakin gona yana tambayar bargonsa.

Sai da shekara ta zagayo aka gama tara akuya da hatsin giya. A tsakanin nan ne aka ba mu tuta. Aka yanka shanu a gari, aka ce daga yau Transkei ƙasa ce mai kanta, mu ba mutanen Afirka ta Kudu ba ne kuma. Aka gina ɗaki a wannan bakin gada, aka gina wani a wancan, kowanne da sandar ƙarfe a gicciye. Babban birninmu kuwa, Umtata, ba ka isa gare shi sai ka fita daga ƙasar ka sake shiga, don an yanke mu gefe guda kamar tsokar da ta faɗi daga faranti. Zilindile ya ce: "An ba mu ɗaki, an tafi da ƙofar." Aka yi dariya. Wannan na cikin dariyar ƙarshe da ya ba mu.

Mai ɗaukar reshe ba ya tafiya shi kaɗai, sai da wanda zai zama bakinsa. Ƙanin MaDuma ne ya raka shi, Maweni, mai aikin gyaran hanya. Tun suna yankan reshen Maweni ke zolayarsa, yana kiransa Sibali, wato mijin yaya.

"Sibali, ka dai san sharaɗin. Daga lokacin da ka ɗaga shi, ba ka waiwaye, ba ka ce wa mai rai uffan, sai ka shiga shingen shanunka. Da reshen kaɗai za ka yi magana. Ka yi da wani, yaro ya sauka a wurin."

"Ni za ka koya wa?"

"Kai fa nake ji. Mutumin da ya yi gardama da limamin coci a bakin kabari. Bari in riƙe reshen, kai ka zama baki, kowa ya yi aikin da ya iya."

"Ɗana ne," in ji Zilindile. "Muryata ya sani."

Da tafiya ba a sami matsala ba. Aka duba takardunsu a gada, Zilindile har ya sa kurtun ƙofa dariya. Suka sami kabarin a bayan rumfunan leburori, tudun ƙasa da ɗan ƙarfe a kafe. Ya ƙona ganyen turare, ya kwantar da reshen a kai, ya durƙusa. "Bandile, Tata ne. Babanka ne, tashi mu tafi gida, uwarka ta dama giya." Ya ɗaga reshen, ya rufe bakinsa.

Kuma ya rufe shi da gaske. Maweni ya sha faɗa daga baya cewa bai taɓa ganin abu irin wannan ba. A tasha wani tsohon abokinsa ya rungume shi yana kiran sunan gidansu, Zilindile ya kalli ƙasa. Mai shayi ya yi masa rashin kunya, ya haɗiye. Da reshen kaɗai yake raɗa: yanzu za mu hau jirgi, ɗaga ƙafarka; wannan rafi ne, kada ka ji tsoro; nan Ixopo ne, ka tuna inda muka sayi garma. Suka hau bas, Maweni ya biya kuɗin mutum uku kamar yadda ake yi. Aka shimfiɗa bargon Bandile a kujerar bakin taga, aka ɗora reshen, uban yana dafe da shi. Motar cike take, har da na tsaye, amma ba wanda ya kalli kujerar sau biyu. Kowa ya san ta wane ne.

Da hantsi suka iso gada, lokacin sanyi, ƙasa fara fat da raɓar ƙanƙara. Zilindile ya hango tudun gida ta taga ya raɗa wa reshen: "Ka ga can? Saura kaɗan."

A shekarar yara na ta gudu daga manyan garuruwa, 'yan sanda na farautarsu. Wani saje Bature ya hau motar da kurtu baƙi mai yi masa tafinta. Ya bi layi yana kallon fuskoki, ya zo ya tsaya. Mota cike, tsofaffi a tsaye, ga kujera babu kowa, ga bargo.

"Wa ya sauka daga nan?"

Yaron mota ya ce ba wanda ya sauka. Saje ya ce to me ya sa ba a zauna ba. Yaron ya ce an biya kuɗinta. Nan fuskar Bature ta canja. Aka sauko da su biyun cikin filin ofis, kusa da rabin duro da masu gadi suka hura wuta a ciki suna ɗumi.

Maweni ya cire hula ya yi bayani tiryan-tiryan. Kurtun nan ya gane tun kafin a gama, ɗan Zulu ne, su ma haka suke yi. Ya juya maganar a hankali, har ya ƙara nasa roƙon. Saje ya ce ya sha jin ƙarya iri-iri a gadar nan, amma wannan sabuwa ce.

"Kun biya wa mutum uku. Ina na ukun? In fasinja ne, ina takardarsa? Wannan kuma, ba shi da baki ne?"

"Yana da shi, ranka ya daɗe," in ji Maweni. "Ya fi na kowa. Yau ne kawai yake a ɗaure."

"A nan kowa da bakinsa yake faɗin sunansa da ƙasarsa. Sunanka?"

Zilindile ya kalli ƙasa. Ya matso da reshen kusa da leɓensa ya raɗa: "Ɗan tsayawa ne, riƙe ni da kyau." Saje ya ga leɓen na motsi. Ashe yana magana, raini ne. Ya ɗauke shi da mari. Hularsa ta faɗi, bai ɗauka ba. Ya ƙara masa. Jini ya fito a gefen baki, Zilindile ya lashe. Matan cikin mota suka fara kiran sunan Allah. Kurtun ya ce: "Baba, yi haƙuri, jure kaɗan, zai gaji."

Da ya gaji ɗin. Abin da ya ɓata lamarin ƙaya ce. Saje ya fizge reshen don ya ga abin da aka ɓoye a ciki, ƙayar nan mai lanƙwasa ta kama masa tafin hannu. Ya yi zagi da yarensu, ya juya wajen duron wuta, ya ɗaga hannu.

Yaron da wuta ta ci, za a sake jefa shi a wuta.

"Ɗana ne! Bature, ɗana ne!"

Maweni ya ɗora hannu biyu a ka. Wata tsohuwa a mota ta rushe da kuka kamar yanzu aka yi mutuwar. Saje ya dubi wannan ya dubi wancan, bai san abin da ya faru ba. Ya yar da reshen a ƙasa ya ce: "To, ka ga kana magana. Ku wuce." Aka buga musu hatimi.

Kurtun ne ya ɗauki reshen da hannu biyu ya miƙa. Zilindile ya karɓa. Ya ce mini daga baya, tun daga bakin teku hannunsa ke sagewa da nauyinsa, amma a lokacin nan sai ya ji shi sakayau. Itace ne kawai.

A gida an ɗaure akuya a bakin shinge, giya ta nuna, maƙwabta sun taru. MaDuma ta fito ƙofa. Ba mijinta ta kalla ba, fuskar ƙaninta ta kalla.

"Ina kuka bar shi?"

"A gada, Yaya."

"Wace gaɓa?"

"Ta Natal."

Maweni ya fara ba ta labarin mari da wuta, ta ɗaga masa hannu. Ta dubi Zilindile ta ce, ba da ƙarfi ba: "Tun ina amarya nake roƙonka ka yi shiru." Ta koma ɗaki. Aka kwance akuyar.

Ta san ba laifinsa ba ne. Ta faɗa wa kakarki haka, ba sau ɗaya ba. Amma shi ba ta taɓa faɗa masa ba, maganar kuma ta riga ta shiga.

Wanda ya sauka a hanya ana iya komawa a ɗauko shi, amma sai a daidai inda ya sauka. Wurin kuwa tsakiyar filin 'yan sanda ne. Sai ka durƙusa a gaban tagarsu, ka ƙona turare, ka tashi ka wuce ƙofarsu da ta wancan bakin ba ka amsa wa kowa ba. Ya gwada. Karon farko suka kore shi kafin gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Karo na biyu, an canja masu gadin, sababbin suka ce asiri ya zo binne musu. Suka kulle shi da Maweni, suka karya reshen. Da aka sake su Maweni ya ce: "Sibali, ina da yara. In na rasa aikin hanya wa zai ciyar da su? Ka yafe mini." Ba wanda ya ga laifinsa, ba kuma wanda ya karɓi wurinsa.

Daga nan Zilindile ya daina zuwa neman aure wa mutane. Ya daina zaman giya. Ya sami wani dutse a gaɓarmu, ƙasan gada, inda ake hango filin nan ƙetaren ruwa, ya kafa murhu yana gasa masara yana sayarwa masu jiran mota. Da yatsa yake nuna kuɗi. In kasuwa ta yi sanyi sai ya juya wajen kogi ya yi ta magana ƙasa-ƙasa: saniyar nan mai tabo ta haihu, ɗan wane ya yi aure, an ce Kokstad ma yanzu an ba Natal, mun zama tsibiri. Yara na ce masa mahaukacin gada. Ba hauka ba ne. Ba ya son yaron ya tsaya shi kaɗai a cikin baƙi ne.

Gida ya koma zuwa jefi-jefi. Shanu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, wasu ciwo, wasu ɓarayi, don ba namiji a gidan. MaDuma ta ce wa kakarki: "Ɗaya na aika Natal, gada ta cinye mini biyu." Duk shekara tana ajiye hatsin giya daban a tukunya, ko za a buɗe hanya. Duk shekara ƙwari su ci, ta zubar ta sake. Gashinta ya yi fari a haka. Maweni ya mutu. A sanyin da ya zo kafin babban zaɓen nan da muka yi dogon layi, tari ya kama ta, ta bi ƙaninta.

Bayan zaɓe aka ce babu Transkei kuma, ƙasa ɗaya ce, an yanka ta larduna tara. Aka cire sandunan ƙarfe, masu gadi suka kwashe kayansu. Mu aka ce muna Kep ta Gabas, babban birninmu wani wuri ne can kudu da ko direbobi sai sun yi tambaya. Zilindile bai tsaya jin wannan ba. Ya zo ƙofata da sabon reshe a hannu ya ce: "Maƙwabci, ara mini bakinka." Ni na raka shi.

Filin ya zama wurin masu sayar da lemo da ayaba. Bai yi lalube ba, wuri ne da ya shekara goma sha wani abu yana kallo. Ya nufi tiren wata mata, na roƙe ta ta matsa, ta ga reshen ta matsa ba musu. Ya durƙusa da ƙyar.

"Bandile, Tata ne. Na makara. Tashi."

Da ƙafa muka taho. A tsakiyar gada ya tsaya cak. Dole a gaya wa mai tafiya ƙasar da yake shiga, shi kuwa bai san da wane suna zai kira ta ba. Kep ɗin da yaron ya sani babu ita, Transkei bai taɓa zama a cikinta ba ta zo ta wuce, sabon sunan ko uban bai riƙe ba. Ba shi da damar tambayata, ni kuma a lokacin ban gane abin da ya tsayar da shi ba. Motoci na ta yi mana ham. Can na ji ya ce: "Muna shiga ƙasar uwarka." Ya ci gaba.

Sai a ƙofar gida na gane bai gaya wa yaron rasuwar uwarsa ba. Duk hirar da yake yi a bakin kogi, wannan ɗaya ya ɓoye. Ya tsaya a gaban shingen da babu ko ɗan maraƙi, ciyawa ta kai gwiwa. Akuyar ma tawa ce, giyar kakarki ce ta dama. Sannan ya ce: "Mun iso. Uwarka ba za ta fito ba. Tana bayan shinge, ta jira ka har ta gaji. Je ka gaishe ta, ka ce ni ne na tsaya surutu a hanya." Ya soke reshen a saman ƙofar shinge.

Mun zaci bakinsa zai dawo bayan nan. Bai dawo ba. Ya zauna a bukkarsa yana noma ɗan abin da zai ci, gaisuwa kawai.

Yana tsoho tukuf aka sake taɓa mu. Wannan kin tuna, kina makaranta. Motoci masu lasifika suka zagaya suna cewa an mai da Umzimkulu cikin KwaZulu-Natal, Matatiele kuma an ba Kep ta Gabas, kamar masu musayar awaki. Mutane da yawa sun yi murna, don asibiti da ofisoshi sun matso. Wani saurayi mai raba takardu ya hawo tudun ya ce masa: "Tata, albishir! Kogi ba iyaka ba ne kuma. Can da nan duk ɗaya ne."

Zilindile ya dube shi ya ce: "Filin nan na ƙetaren gada, da tsakar gidan nan, ƙasa ɗaya?"

"Ɗaya, Tata. Lardi ɗaya."

"To wa aka tsare?"

Yaron bai gane ba, ya yi dariya ya wuce gida na gaba.

Ba a daɗe ba ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Ma'aikaciyar ɗakin magani ta ce tunda yanzu mu 'yan Natal ne, an ba shi gado a babban asibiti can ƙetare, mota za ta zo. Motar ta zo har gindin tudu. Muka taru muna lallashi. Ma'aikaciyar ta ce: "Tata Mjoli, in ka zauna nan ba za ka ga damina ba."

"In na mutu can fa?"

"Ba za ka mutu ba."

"In na mutu can, wa zai riƙe reshen? Wannan?" Ya nuna ni da haɓa. "Ko bakin shinge ba ya kaiwa sai ya huta."

"Ai babu mai tsare kowa a gada yanzu, Tata."

"Yau," ya ce. "Kin san abin da za su zana gobe?"

Motar ta jira har rana ta karkata, ta juya babu kowa. Bai ga daminar ba. A kan tabarmarsa ya cika, ƙofa a buɗe, yana kallon shingen. Muka binne shi kusa da MaDuma, ba a nemi reshe ba.

Na Bandile yana nan a saman ƙofar shingen, ya bushe ya yi baƙi. In kin bi ta wurin kada ki bari yara su cire shi su hura wuta.